Ƙafar Kyauta

A gidan Ɗantsoho, can bayan Ɗanzomo, babu mugu ko ɗaya. Gara a faɗi wannan da wuri, kada wani ya ɓata lokacinsa yana neman wanda zai tsine wa. Mutane ne masu salla a kan lokaci, masu fitar da zakkar gero tun daga bakin gona, kuma ba a taɓa jin ƙarar mari ta tsallake dangarsu ba. Abin da ya sami ƙafar Kyauta cikin ladabi ya same ta.

Kyauta ita ce 'yar farin Zuliha, matar Ilu, ƙanen Ɗantsoho. Ran da aka yaye ta aka miƙa ta ɗakin kakarta Rakiyya, uwar su Ilu, kamar yadda aka saba. Daga ɗakin Rakiyya zuwa na Zuliha bai wuce a jefa ludayi ba, amma har yarinyar ta fara famfara Zuliha ba ta taɓa kiran sunanta ba. In ta kama dole, sai ta ce "waccan", ko "yarinyar Inna". Ita kuwa yarinyar Adda take ce mata, kamar wata yayarta. Matan unguwa da Zuliha suke buga misali. Sukan ce wa surukansu, "Ki je ki ga matar Ilu. Ranar da 'yarta ta faɗa cikin toka mai zafi, ko waiwayowa ba ta yi ba." Zuliha takan sunkuyar da kai in ta ji. Ba wanda ya tambaye ta ko ta so waiwayowar.

A shekarun nan ne jirgin ƙasa ya iso Kano, labari ya bazu cewa Nasara na sayen gyaɗa kamar ba za su mutu ba. Ɗantsoho bai yarda ƙarfe na tafiya ba tare da jaki ba, amma ya yarda da zancen gyaɗar. Ya sare wani daji can gaba da kukar makiyaya, ya zuba iri, ya raba wa duk mai numfashi a gidan aiki. Rabon Kyauta shi ne ɗebo ruwa a tafki da safe, da kai wa masu noma ƙwaryar fura da hantsi.

Ana tsakiyar maimai kurkunu ya fito mata, a saman idon sawun hagu. Da fari ƙurji ne mai zugi, sannan ya fashe, kan abin ya leƙo fari kamar zaren saƙa. A ƙasar Gumel ba baƙo ba ne. Kowa ya san yadda ake yi da shi: a tsoma ƙafa a ruwa ya ƙara leƙowa, a naɗe abin da ya fito a jikin sillen kara, a ɗaure da tsumma, a bar shi sai gobe. Ba a jan sa. In ya tsinke, sauran da ke ciki yakan ruɓe ya tafi da ƙafar.

Rakiyya ta san wannan sarai. Sai dai da safen nan Ɗantsoho ya tsaya a bakin ɗakinta da fartanya a kafaɗa ya ce, "Inna, jiya sai da rana ta karya muka ga fura. Yau ma haka za a yi?"

"Yau za a gama da shi," in ji ta.

Ta zaunar da yarinyar a kan turmin da aka kifa, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta fara murza sillen. Zuliha na daka a tsakar gida, fuskarta na kallon wajen. Ta ga zaren ya miƙe. Ta ga ya fara sirancewa a tsakiya. Ta ga yarinyar ta cije leɓe. Kalma biyu ce ake bukata, "Inna, bari", kuma suna nan a bakinta, har ta ji ɗanɗanonsu. Ta tsayar da taɓarya. Ta yi tari.

Rakiyya ta ɗago. "Ƙaiƙayi ne ya shiga miki, 'yar nan? Sha ruwa."

Ta ƙara murzawa. Ya tsinke.

"To, ga shi nan," in ji Rakiyya, tana duban guntun da ke jikin kara. "Mai taurin kai ne. Irin na gidan su uwarta."

Kafin a kwana biyu ƙafar ta yi kamar ɓawon kabewa, tana ƙyalli. Aka kira Manu wanzami ya yi sakiya. Ya zo da zabirarsa, ya hura gawayi a tsakar gida, ya sa tsinken ƙarfe har ya yi ja. Mata biyu suka danne yarinyar. Zuliha ta shiga bayan ɗaki ta durƙusa a kan dutsen niƙa, don uwa mai kunya ba ta tsayawa a irin wannan wuri. Daga can ta ji ƙauri, sannan ta ji ihun.

"Adda! Wayyo Adda!"

Hannunta ya tsaya a kan ɗan dutsen. Ta ji Rakiyya na dariya tana cewa, "Kun ji ja'ira! Ni na raine ta, wata take kira." Matan suka yi dariya su ma, don maganar ta yi daɗi. Zuliha ta ci gaba da niƙa. Garin ranar ya yi laushi ƙwarai, har Ɗantsoho ya yaba tuwon.

Manu da zai tafi ya ce a bar ta ta kwanta, kada ta taka ƙasa sai bakin ya haɗe. Rakiyya ta raka shi da godiya har soro, ta dawo ta ce wanzami aski ya sani.

"Jijiya in ta kwanta sanƙarewa take yi. Tafiya ce maganinta. Ni da kurkunu biyu a ƙafa na yi nakudar Ilu, washegari na share gida."

Ta samo wa Kyauta sandar makiyaya, ta rage mata tsawo. Aka ɗora mata ƙwarya.

Zuliha ta fara satar hanya. Takan ce za ta roron itace, ta ɓuya a bayan kukar makiyaya, in yarinyar ta iso tana jan ƙafa sai ta karɓi ƙwaryar ba tare da ta dube ta ba, ta kai har kusa da gona, ta ajiye a gindin sabara, ta juyo. Ba su cewa komai. Sau ɗaya ne yarinyar ta ce, "Adda, ƙudaje na bi na." Zuliha ta karyo ganye ta miƙa mata, fuskarta a gefe. Haka uwa da 'ya suka yi ta haɗuwa a daji kamar masu laifi, har wata mai ido ta gani ta kai gida.

Rakiyya ba ta yi faɗa ba. Ta kira Zuliha ɗaki, ta zaunar da ita a bakin gado, ta yi mata magana da murya mai sanyi.

"'Yar nan, so kike gari ya ce ban iya riƙo ba? Ni na goya ta, ni na yi mata kitson fari. In kina ganin ban isa ba, sai ki faɗa, in kwaso tsummokaranta in miƙa miki a gaban mutane."

"A'a, Inna. Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Zuliha ta dubi ƙasa. Aka bar maganar a nan, domin shiru ma magana ce, kuma kowa na da 'yancin fassara ta yadda ya ga dama.

Zuliha ta gwada mijinta. Ta same shi da sassafe a turke yana zuba wa awaki harawa.

"Ƙafar waccan," ta ce.

"Wace?"

"Ta ɗakin Inna. Ta fara wari."

Ilu ya dubi akuya kamar ita ta yi maganar. Shi ba mutum ne mai taurin zuciya ba. Ran da aka yi sakiya, gona ya gudu tun da asuba, bai dawo ba sai da magariba.

"Ke, ni ma fa ta farina ce," ya ce. "Da wane baki zan tsaya gaban Inna in ce 'yata? Sai a ce Ilu ya zama mijin-ta-ce."

"A bar ta ta kwanta kawai. Ni zan kai furar."

"Wa zai yi daka?"

"Ni."

"Wa zai ɗebo ruwa?"

"Ni."

Ya shiga lissafin yadda mace ɗaya za ta zama uku. "Bari in ga Yaya," ya ce.

Ya kuwa gan shi. A gona, suna hutawa a kan kunyar gyaɗa, ya ce, "Yaya, mata na 'yan maganganu a gida." Ɗantsoho ya tofar da tsakin goro ya ce, "Mata ai ba sa rabo da magana." Ilu ya ce haka ne. Da yamma ya shaida wa Zuliha cewa ya isar da saƙo.

Ranar wata kasuwa Sabuwa ta shigo gidan da tallan kanwa da gishiri. Bazawara ce daga wajen Maigatari, mai faɗin kafaɗa, mai muryar da ke riga ta shiga gida. An ce aurenta uku, duk ita ta fito. Matan kirki ba sa zama da ita, amma suna sayen kanwarta don ba ta haɗa ta da ƙasa. Ta sauke kaya, ta hango Kyauta a jikin rumbu tana korar ƙuda, ta matsa ta ɗaga tsumman, ta saki salati.

"Wannan uwarta ta mutu ne?"

Zuliha na tsaye da ƙwarya a hannu, bai fi taku kaɗan ba.

"Ga ni nan," in ji Rakiyya. "Ni ce uwarta."

"A'a, Iya, ke kam kin gama naki tun zamanin da ake yaƙi da Damagaram. Wadda ta yi nakudarta nake tambaya."

"Kanwa kika kawo ko wa'azi?"

"Kanwar ce ta sayarwa, wa'azin gyara ne. Wallahi in yarinyar nan ta ci gaba da taka ƙasa, kafin a cire gyaɗa sai dai ta ja gindi."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji Rakiyya, ta shige ɗaki.

Zuliha ta raka Sabuwa soro da hujjar taya ta ɗaukar kaya. Sabuwa ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce ko? Na gane, ke kaɗai ce ba ki kalli ƙafar ba. Wannan bakin naki na cin tuwo ne kawai?"

"Ta fari ce."

"Ni ma na haifi ta fari. In na ƙwala mata kira har barikin Faransa ana ji."

"Shi ya sa ake cewa da ke..." Zuliha ta haɗiye sauran.

"Ai ana cewa. Kin ga na rame?" Ta gyara gammo. "Ke dai ki zaɓa, a zage ki da 'ya mai ƙafa biyu, ko a yabe ki da gurguwa. Ɗora mini."

Ta tafi tana kiran kanwa. Ita ta faɗi tata ta wuce, kuma ba a gidan za ta kwana ba.

Washegari da safe Zuliha na tankaɗe, Rakiyya ta fito da ƙwaryar fura da wuri, don yarinyar ta daina isa gona a kan lokaci. Ɗantsoho da Ilu ba su riga sun fita ba, suna soro suna gyaran ƙotar fartanya. Akwai maƙwabta biyu da suka shigo ɗiban wuta. Kyauta ta dafa sanda ta miƙe. Da ta ɗora ƙafar a ƙasa sai mugunya ta tsarto ta cikin tsumma, ta gangara tsakanin yatsunta. Ba ta yi kuka ba, ta riga ta koyi abin da ake yabo a gidan. Ta sunkuyar da kai a ɗora mata.

Zuliha ba ta san lokacin da rariyar ta bar hannunta ba.

"Kyauta!"

Muryar ta fito a shaƙe, irin ta ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake, wannan karon har soro.

"Kyauta, zauna! Inna, ba za ta je ba. 'Yata ce, ƙafarta na ruɓewa, kowa na jin warin. Ko a bar ta ta kwanta, ko a ba ni jaki in kai ta Gagarawa wurin mutanenmu. Ba za ta sake taka ƙasa ba ina numfashi."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta riƙe baki, garwashin da ke kaskonta na ci gaba da hayaƙi. Rakiyya ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora hannu biyu a ka. Ɗantsoho ya leƙo daga soro. Ilu bai leƙo ba.

Ranar ba a kai fura ba, ba a ma je gonar ba. Gidan da bai sami sararin zama a kan ƙafa ba tun fitowar kurkunu ya sami yini guda cur na zama a kan suna. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Ɗantsoho, aka kira wani dattijo daga dangi. Zuliha ta durƙusa a gefe.

"A kunnena," in ji Rakiyya, tana share ido da gefen zane. "Har sau biyu. Gaban baƙi. Ta ce 'yata. Ni da na wanke kashin yarinyar nan."

"Abin da babba ya hango," in ji dattijon, "yaro ko ya hau rimi..." Bai ƙarasa ba, kowa ya gyaɗa kai.

"Ba halinta ba ne," in ji Ɗantsoho, don shi mutum ne mai adalci. "Waccan mai kanwar ce ta hure mata kunne. Daga yau kada ta sake shigo mini gida."

"Yaya," in ji Zuliha, "ni na yi laifi, na ji. A yi mini duk abin da za a yi. Amma a dubi ƙafar."

"Kun ji ko? Har yanzu magana take yi."

"Ƙafar nake cewa."

"Ƙafa ta Allah ce," in ji dattijon. "Shi ya saukar da cuta, shi zai ɗauke. Amma kunya, 'yar nan, in ta zube ba ta kwasuwa."

Aka juya wajen Ilu. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Daga ƙarshe ya ce duk abin da manya suka gani. Manya suka ga ya kamata ta je gida ta huta, ta ɗan tuno tarbiyya. Ba saki ba ne, sun nanata wannan, don ba su da niyyar zaluntar kowa. Ta nemi jaki ta kai 'yarta Gagarawa, aka kuwa ba da jakin. Ita kaɗai aka ɗora a kai, domin yarinya ta kakarta ce.

Da za ta fita ta dubi wajen rumbu. Kyauta ta juya fuska ga bango.

A Gagarawa ta faɗa wa uwarta komai, tun daga sillen kara har zaman tabarma. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Da bakinki kika kira sunan?"

"Iya, ƙafar ruɓewa take yi."

"Na ji. Amma da bakinki?"

Zuliha ta yi sauran damina a can tana jiran biko. In ta ga mai zuwa daga wajen Ɗanzomo sai ta tambaye shi lafiyar gidan Ɗantsoho, shi kuma ya ce lafiya lau, don abin da ake cewa ke nan. Sau ɗaya ta ɗaura zane za ta kama hanya da ƙafa, ubanta ya tsaya a ƙofa ya ce in ta fita ba da biko ba, kada ta sake kiransa uba. Ta koma ta zauna. Ilu bai zo ba sai da aka cire gyaɗa aka rasa hannun tsinka. Ya zo da goro da sabon zane. Aka yi mata nasiha, ta ce ta ji, ta ce ba za ta ƙara ba.

Da ta dawo ta tarar da tsakar gidan cike da gyaɗa, tsibi-tsibi har bakin ɗakuna. A gindin rumbu Kyauta na zaune a kan buzu, ƙwarya tsakanin cinyoyinta, tana ɓara. Ciwon ya warke. Ya bar rami baƙi a saman idon sawu, ƙafar ta lanƙwashe ciki, diddigen ya ɗage sama ya tsaya a nan, ƙwaurin ya koma kamar kara. Sandar na jingine kusa da ita, ta yi santsi a wurin riƙo.

Ɗantsoho ya yi wa Zuliha maraba da fara'a, don ba ya riƙon mutum a zuci.

"Kin ga ikon Allah," ya ce, yana nuna yarinyar da haɓa. "Ashe wani alheri ne a ciki. Tun da ta daina yawo, ita kaɗai tana ɓare ta mutum biyu. Ba ta tashi ko'ina."

"Na ce ai za ta warke," in ji Rakiyya. "Mutane ne ba su da haƙuri."

Zuliha ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Sai bayan azahar ta sami sarari, maza sun fita, Rakiyya ta shiga ɗaki ta kishingiɗa. Zuliha ta ɗauki wata ƙwarya, ta zo ta zauna kusa da buzun, ta ɗebi gyaɗa. Sannan ta miƙa hannu ta taɓa ƙafar, a hankali, daga gwiwa zuwa ramin. Yarinyar ta janye ta da hannu biyu, ta tura ƙarƙashin zane.

"Yana zafi?" Zuliha ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"A'a."

"Da dare fa?"

"Adda." Yarinyar ba ta ɗago ba, yatsunta na ta aiki. "Don Allah kada ki sake."

"In sake me?"

"Kiran sunana. Yara har waƙa suka yi mini. In sun wuce ta bayan danga sai su riƙa kwaikwayon muryarki. Inna ta ce ba wanda zai auri 'yar marar kunya, ko da ƙafarta biyu."

Zuliha ta buɗe baki.

Daga ƙofar ɗaki Rakiyya ta yi gyaran murya. "'Yar nan, duk faɗin gidan nan ba ki ga wurin zama ba sai nan? Mutane na shigowa."

Zuliha ta ɗauki ƙwaryarta, ta koma can gindin danga, ta juya musu baya, ta ci gaba da ɓara.